Shekarar da Kunun Mma Asabe Ya Kumbura

Ku yaran yanzu gani kuke kunun zaƙi gero ne da ruwa da sukari. Ranar nan na ji ɗayanku yana cewa wai ya kalli yadda ake yi a waya, cikin minti huɗu ya gane komai. Madalla da shi. Ni na haura shekara talatin hannuna cikin ƙullu, kuma har gobe ba na juya wa durom baya in ce na yarda da shi. Kunu abu ne mai rai. Ka haɗa shi ka rufe, yana can ciki yana aikinsa, ba ya neman izininka. In ka tsayar da shi a kan kari, abin sha ne da ake buɗa baki da shi a masallaci. In ka yi sake ya wuce, sai ya yi tsami, ya yi kumfa, ya kama hanyar abin da Musulmi ba ya kaiwa bakinsa. 'Yan awoyi ne tsakanin biyun, kuma a kan 'yan awoyin nan gidan nan ya ciyar da zuriya uku.

Mma Asabe, wadda sunanta ke jikin gorarmu, ban taɓa ganinta ba sai a hoto. 'Yar Zariya ce, ta bi mijinta mai fataucin goro zuwa Kumasi, ta kafa tukunya a zango, unguwar Hausawan garin. 'Yarta Hajiya Meri ce ta kawo sana'ar New York, lokacin da ta biyo mijinta direban tasi. A kicin ɗinta ta fara, hawa na biyar a wani dogon gida a unguwar Tremont, da tukunya biyu da muciyar uwarta da ta ƙunso cikin zannuwa. Ni kuwa daga Kano na zo, ina kitso a wani shago kusa da titin 125 har yatsuna suka fara ƙagewa. Wata Juma'a na sayi kunun Hajiya a ƙofar masallaci, na kurɓa, na ce cittar ta yi yawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ki zo gobe ki rage." Haka na shigo gidan nan.

Aikina na farko regen gero ne. Ta miƙo mini ƙwarya biyu da bokiti guda, ta koma gefe tana jan carbi kamar ba ruwanta. Na rege tas, na kawo mata tsakuwa biyu a tafin hannu ina jin daɗin kaina. Ta ce, "Uku na sa, Lami. Ɗayan yana ina?" Sai da na sake bin geron nan sau huɗu kafin na samo ta. Wata uku cur ban taɓa komai ba sai gero da ruwan sanyi. A wurinta na koyi zargi, kuma na iya shi har na fi malamata.

Zargin ya yi mana rana sau da yawa, ba zan ci amanarsa ba. Wani dillali ya taɓa kawo mana buhu biyar, gero fari tas, araha kamar tsintuwa. Hajiya har ta sa a sauke. Na zura hannu can ƙasan buhu na ɗebo na tauna, na ji babu garɗi, sai ƙaiƙayi. Ashe geron da mutanen ƙasar nan ke ba tsuntsayen keji ne ya juye cikin buhunan Nijar. Tun daga ranar ba a buɗe buhu a gidan nan ban tauna daga gindinsa ba. Haka nake da citta, haka nake da mai gyaran injin markaɗe, haka nake da matan da ke shigowa wai sun zo gaisuwa idonsu na kan gwangwanin kayan ƙamshi.

Ga yadda ake aikin, tun da kun ce mai sauƙi ne. A jiƙa gero yini guda, a wanke, a markaɗa shi da citta da kanumfari da masoro da busasshen dankali. A raba ƙullun biyu, babba da ƙarami. Babban a sheƙa masa tafasasshen ruwa ana juyawa da muciya har ya yi kauri, a bar shi ya huce daidai yadda za ki iya tsoma gwiwar hannu ki ƙirga goma. Sannan a zuba ƙaramin, ɗanye, a juya, a rufe. Wannan ɗanyen shi ke tsinka kaurin ya fito da zaƙi, kuma shi ne ke kai mutum ya baro in aka bar shi ya daɗe. Game da daɗewar, doka ɗaya ce Mma Asabe ta bari, kuma Hajiya ta riƙe ta kamar aya: a haɗa bayan sallar Isha'i, a tace in an kira Asuba. Babu agogo a cikin maganar. Hajiya kan ce uwarta ta yi shekara arba'in a haka, ko sau ɗaya ba a maido mata da kunu ba.

A hawa na biyar durom biyu muke da su, masu ruwan bula, wurinsu jikin tagar kicin. Tagar ba a rufe ta ruf, rani da hunturu, saboda mijin Hajiya ba ya son warin ƙullu a rigarsa. Da safe mu tace da farin ƙyalle, mu sa sukari, mu ɗura a gorunan roba, a sauko da su a kafaɗa domin lifta ɗin gidan ta fi mutuwa fiye da aiki. Masu sayenmu direbobin tasi ne, da matan da ke aikin jinyar tsofaffi a gidaje, da shagunan 'yan Nijar da 'yan Gana tun daga Tremont har Harlem. Ranar Juma'a limamin masallacin unguwa yakan sa a kai kwali biyu a raba sadaka. Mutumin da ke karanta jikin kowane biskit a shago yana neman kitsen alade, namu ba ya karantawa, buɗewa yake ya ba ɗansa. Wannan yardar ita ce jarin gidan gaba ɗaya, sauran duk robobi ne.

Salamatu ta zo mana lokacin da aiki ya fi ƙarfin hannu huɗu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, mijinta ɗan zangon Kumasi ne mai aiki a wurin wankin motoci. Ita ba Bahausa ba ce. Daga wani ƙauye take a arewacin Gana, ta musulunta kafin aurenta, kuma kowa ya san uwarta pito take dafawa, wato burkutun mutanen can. Ita da kanta ta faɗa wa Hajiya ranar farko, ba ta ɓoye ba. Hajiya ta ce abin da ya wuce ya wuce. Ni kuwa na ajiye maganar a inda nake ajiye irinta.

Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin mai hannu kamarta ba. Abin da na yi wata uku ina koyo ta zo da shi a jininta. Takan kara kunne jikin durom ta ce saura kaɗan. Takan shinshina murfi ta faɗa miki cittar jiya ce ko ta makon jiya. Kuma abin ya tsaya mini a wuya, ba zan yi muku ƙarya ba. Na shekara goma ni ce hannun daman Hajiya, sai ga wadda ta zo jiya ana cewa, "Salamatu, zo ki ɗanɗana."

Shekara biyu bayan zuwanta muka bar hawa na biyar. Maƙwabta sun gaji da ƙarar injin, kuma jami'an lafiya sun ce ba a sana'ar abinci a kicin ɗin gida. Hajiya ta samo wannan ɗakin na ƙarƙashin ƙasa da kuke tsaye a ciki, aka yi takardu, aka sa famfo da firij babba, durom ya koma shida. Muka jera su jikin bangon can na ciki saboda nan ne ba a tuntuɓe da su. Farkon bazara muka tare. Duk zafin shekarar nan kunu bai taɓa ba mu kunya ba, azumi ma ya zo ya wuce lafiya, har muna cewa wurin ya karɓe mu.

Da sanyi ya fara shigowa sai na soma jin wani ɗan tsami a bayan harshe. Na ce gero ne, aka canja dillali. Tsami ya ƙaru. Na ce ruwan famfon ne, muka koma tafasa har na wanki. Wani mai shago ɗan Maraɗi ya bugo ya ce gorunanmu sun yi ciki a firij ɗinsa, gindinsu ya kumbura ba sa iya tsayuwa. Na ce masa firij ɗinsa ne ya lalace, ya daina ɗora mana laifin rowarsa. Kashegari wani ya bugo daga Harlem da magana iri ɗaya.

A cikin kwanakin nan na fara lura da Salamatu. Wata safiya na tarar da durom biyu sun bar jikin bango sun dawo bakin ƙofa. Na tambaya, ta ce ita ta ja su, wai ɗakin ya yi ɗumi. Na ce a garin da ake ƙanƙara a waje? Na sa ta mayar da su. Bayan kwana biyu, muna gama haɗawa, ta ce da Hajiya a gabana, "Hajiya, daren yanzu ya yi tsawo paa. Da za a bari sai an jima a haɗa, ko kuma a tace kafin Asuba."

Hajiya ta ajiye muciya ta ce, "Ke za ki gyara wa Mma aikinshi?" Hausar Kumasi ba ta ware mace da namiji, amma faɗanta kowa na ganewa.

Ni kuma na ƙara gishiri na ce, "Ki bari ki shekara goma tukuna, sannan ki kawo doka."

Salamatu ta ce, "Yi haƙuri, Anti Lami." Ba ta sake tayar da zancen ba.

Abin ya fashe ne a wani suna a unguwar University Heights. Zaure aka kama, mutum ya fi ɗari, an jera gorunanmu a kan tebur kusa da hita mai ɗumama zauren tun safe. Da aka gama addu'a wani dattijo ya murɗa murfi, sai kunu ya yi tsartuwa har rufi, ya wanke masa babbar riga. Na kusa da shi ya buɗe, haka. Kumfa ta bi tebur. Wani direban tasi ya shinshina ya ce da ƙarfi, "Wallahi wannan warin na san shi, kullum Asabar ina wanke shi a bayan motata." Wata kuma ta rantse ɗanta ya sha rabi yana ta layi. Ɗan nata shekararsa biyu, layi ne tafiyarsa tun da ya fara ta, amma wa zai tsaya jin wannan? Har yau ban san ko kunun ya kai ga bugarwa ba. Na dai san kafin la'asar labari ya kai Harlem cewa gidan Mma Asabe giya yake ɗura wa Musulmi. Ranar Alhamis liman ya aiko a ce wa Hajiya a dakata da kawo sadakar Juma'a.

Hajiya ta kwanta ciwo kwana biyu. Ni kuwa na ce ruwa ba ya tsami banza. Na jira Salamatu ta fita kai kaya, na bi ɗakin nan lungu-lungu. Bayan buhuna na sami wani faranti an rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Na ɗaga, sai ga jar dawa ta tsira, saiwa fari-fari kamar gashin tsohuwa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gidan burkutu ya san da tsiron dawa ake farawa. Na ce biri ya yi kama da mutum. Ga mai jan durom, ga mai son canja lokaci, ga tsiro a ɓoye, ga kuma uwar da ta haife ta. Na haɗa lissafina tsaf, ko tsakuwa ɗaya ban bari ba.

Da ta dawo na ajiye farantin a gabanta. Ta ce dankalin da ake kawowa ya daina zaƙi, shi ya sa take gwada tsiro a gefe, ba ta taɓa sa shi a durom ba, so take in ya yi kyau ta nuna wa Hajiya. Na ce to me ya sa aka ɓoye? Ta ce, "Saboda ke, Anti Lami. Na san abin da za ki ce." Wannan amsar ta ƙara tunzura ni.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma sunan gida ya riga ya zube a titi, kuma na san sallamar mutum a ɓoye ba ta kwashe shi. Ranar Lahadi mata kan taru a masallaci bayan azahar su yi karatu, mu wajen talatin. Na naɗe farantin nan a mayafi na tafi da shi. Da malama ta rufe littafi na miƙe na buɗe shi a tsakiyar tabarma. Na ce ga abin da ya ɓata kunun Mma Asabe, ga kuma wadda ta shigo da shi. Na ce mun ɗauke ta tsakani da Allah, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Salamatu na zaune a sahun baya da 'yarta ƙarama a cinya. Ta ce, "Allah ya sani ban sa komai ba." Murya ɗaya ce cikin talatin. Ta saɓa 'yarta, ta nemi takalmanta, ta fita. Washegari Hajiya ta aika mata kada ta dawo.

Mutane suka yi ta sa mana albarka. Muka ba da sanarwar za mu rufe mu tsarkake wuri. Muka zubar da durom shida, muka sayo sababbi, muka wanke ɗakin nan tun daga rufi. Muciyar Mma Asabe kaɗai muka bari, ita ma sai da ta kwana a ruwan zafi. Na haɗa kunun farko da hannuna bayan Isha'i, na kulle ƙofa, na sa makulli a lalitata. Da Asuba na buɗe murfi, tsami ya bugi hancina.

Mako uku muna haɗawa muna tuttulawa a kwata, ni da Hajiya, ba wanda ya sani. Masu tambaya mu ce ba mu gama tsarki ba, su ce kai, gidan nan akwai tsoron Allah. Kada ku ɗauka na yi nadama a lokacin. Cewa na yi ta bar mana wani abu a ɗakin. Na haƙa bakin ƙofa ina neman laya. Na zargi mijinta, na zargi mai kawo ruwa, har ɗan Hajiya na cikinta sai da na bi shi da ido.

Abin da ya warware maganar ba wayona ba ne. Tsakiyar hunturu boilar ginin ta mutu, wato babbar tukunyar da ke dafa ruwan ɗumama benen gaba ɗaya. Kwana uku mutanen sama na zagin supa, mai kula da ginin, mu kuma muna aiki cikin rigunan sanyi. Safiyar farko na buɗe durom ina shirin zubarwa, sai na ji ƙamshi. Na ɗanɗana, kunun Mma Asabe ne sak. Safiya ta biyu ma haka. Hajiya ta fara hamdala, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin abin da ya gyaru ba dalili zai sake ɓaci ba dalili. Rana ta uku da yamma na ji ƙugi ya tashi a bayan bango. Na ɗora tafin hannuna inda muke jera durom, na tsaya. Kafin in gama jiƙa gero bangon ya yi ɗumi kamar bayan murhu. Na fita na tambayi supa me ke bayan nan. Ya buɗe mini wata ƙofa, ga boilar nan tana ci, tsakaninta da kununmu bulo ɗaya.

Na dawo na tsaya gaban kalandar sallah da masallaci ke rabawa, tana nan rataye a ƙusa. Isha'i wajen ƙarfe shida, Asuba dab da shida na safe. Na ƙirga da yatsu, kusan awa goma sha biyu. Na ɗaga shafukan baya zuwa tsakiyar zafi: Isha'i ƙarfe goma, Asuba kafin huɗu, awa shida ke nan. Na ce, "Hajiya, a Kumasi ƙarfe nawa ake Isha'i?"

Ta ce, "Bakwai da wani abu."

"Da sanyi fa?"

"Ei, Lami, wane irin tambaya ne wannan? Kullum haka ne."

Sai ta zo ta tsaya kusa da ni tana kallon kalandar. A Kumasi dare ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, shi ya sa ladan ya ishi Mma Asabe agogo. Mu kuma muka ɗauko ladan muka kawo shi garin da darensa ke ninkuwa. A hawa na biyar Allah ne ya yi ta rufa mana asiri: da zafi dare gajere, da sanyi dare dogo amma iskar taga na riƙe da kunun. A nan ƙasa muka haɗa masa dogon dare da bangon wuta. Abin da Salamatu ta faɗa ke nan, cikin jimla biyu, muka ce ta yi rashin kunya.

Na ce, "Hajiya, sai mu koma wurin matan nan."

Ta zauna a kan buhu. Can ta ce, "Mu je mu ce me? Mu ce da hannunmu muka yi wata biyu muna ba mutane abin nan? Mu ce dokan Mma ne ya yi? Yanzu sun yarda an cire ƙaya. In kin mayar, ba mai sake buɗe goran mu koraa, ko mutum ɗaya. A bar kaza cikin gashinta, Lami. Maganan nan ya tsaya nan."

Zan so in ce muku na yi gardama. Ban yi ba. Na ji sanyi a raina da ta faɗi haka, domin ni ce zan miƙe a tsakiyar tabarma in lashe amaina. Muka ja durom zuwa bakin ƙofa, daidai inda Salamatu ta taɓa ajiye su. Muka sayo agogo mai ƙararrawa, muka yanke awa takwas rani da hunturu. Kafin azumi liman ya aiko a ci gaba da kawo sadaka. Kasuwa ta dawo har ta fi da, domin yanzu mu ne gidan da ya kori ma'aikaciyarsa saboda addini.

Salamatu ta koma aikin jinyar tsofaffi. Ta daina zuwa karatun Lahadi, ta daina zuwa suna da biki. Na ji an ce a makarantar allo yara na kiran 'yarta 'yar mai pito, har uban ya cire ta. Na ji, na ci gaba da tace kununa.

Sai bayan shekara huɗu na gan ta, a matsayar bas kan titin Tremont, da rana tsaka, sanye da rigar aikinta a ƙarƙashin hijabi. Na so in tsallaka titi, sai na fasa. Na yi mata sallama ta amsa, ta tambayi Hajiya, ta tambayi ƙafata mai ciwo. Sai na faɗa mata komai, da bangon, da kalandar, da mako ukun da muka yi muna zubarwa. Na ce ta yafe mini. Na ce in tana so zan yi wa Hajiya magana ta dawo.

Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Ta ce, "Anti Lami, ni na san ban yi ba, ba labari kika ba ni ba. A gaban mata talatin kika ɗora mini. Yanzu kin zo saukewa a bakin titi, daga ni sai ke."

Ta leƙa ta ga bas na tahowa, ta gyara jakarta. Sai ta juyo ta ce, "Awa nawa kuke bari yanzu?"

Na ce takwas.

Ta ce, "Ya yi yawa wa ɗakin nan. Ku yi bakwai, ku sa firij nan take." Ta hau bas ta tafi.

Na dawo na gwada bakwai, kuma ita ce da gaskiya. Awa bakwai ɗin da kuke bi yau nata ne. Na yi ta cewa Lahadi mai zuwa zan miƙe a masallaci, sai in ce bari Hajiya ta warke, sai in ce bari azumi ya wuce. Hajiya ta rasu, Salamatu da mijinta sun bar garin, ban san jihar da suka koma ba. Ranar nan na zauna na ƙirga matan da ke kan tabarmar nan. Fiye da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma da abin da na faɗa musu suka tafi.